Zoben da Inna Mai Kwalabe Ta Gani a Faranti

Kun taɓa ganin ƙwayar cuta ta mutu da idonku? To Inna Mai Kwalabe ta gani, kuma shi ya jawo mata.

Shekara goma sha tara tana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje, hannunta duk ya tsattsage da sabulu, ba ta yi karatu ba amma ta san kowace kwalba da mazauninta. Mijinta tela ne, keken ƙafa yake takawa, da shi suke ci, ga shi yana fama da ciwon suga.

Bana Daktan da take wa aiki ya kawo wata ciyawa mai faɗin ganye mai tsami, irin mai fitowa inda ruwa ke kwanciya, saiwarta rawaya. Ya shanya ya niƙa ya jiƙa ya tace, sai ya ɗiga ruwan a faranti cike da ƙwayoyin cuta. Washegari ga wani zobe fes kewaye da ɗigon.

Ya ce, "Inna zo ki gani, duk na nan wurin sun mutu."

Ta ce, "Dakta, ciyawar nan ta bayan ɗakinmu?"

Ya yi dariya. "Ita fa. Amma sinadaran cikinta da yawa, ba mu gama tantance su ba."

Ta ji, amma zoben ne ya zauna mata a ido.

A satin ƙusa ta soki tela a tafin ƙafar dama. Ya ce asibiti za shi, ta ce wane asibiti Malam, ga magani a bayan ɗaki, da idona na gani.

Ya ce, "Lallai, daga wankin kwalba an zama likita." Amma ya miƙa mata ƙafar.

Kwana goma sha ɗaya tana dakawa tana ɗaurawa, kullum ta kwance tsumman tana neman zoben nan a jikin ciwon. Har ɗakin ya fara wari.

Da aka kai shi asibiti, daga ƙasan gwiwa aka yanke ƙafar.

Labari ya kai wa Dakta. Ya ce, "Inna, a faranti ba jini, ba suga. Me ya hana ki tambaye ni?"

Ta ce, "Kai ka ce sun mutu."

Tela ko sau ɗaya bai yi mata gori ba, yana koyon taka keke da hagu, ɗinkin na karkacewa, mutane sun rage kawowa. Ita tana nan tana wanki, in ta zo kan farantan nan sai ta kau da kai.

Don Allah ku tura wa wasu, balle masu mai ciwon suga a gida.