Abin da Ya Rage na Motocin Baba Gide

Kullum da an idar da sallar asuba, Baba Gide makanike yakan buɗe garejinsa da ke bakin titin Sheme, ya yi shara, ya zauna tsakanin abin da ya rage na motocinsa biyu. Dukansu ƙirar Ingila ce. Ɗaya Landiroba ce ta zamanin 'yancin kai, ana kiranta Tsohuwa. Ɗayar Ranjiroba ce da ta zo can baya, ita ce Gimbiya.

Gimbiya akwai gudu, ga kujeru masu taushi, sai dai shan mai da son a lallaɓa ta. Tsohuwa kuwa ƙara kamar injin niƙa, tafiya sai haƙuri, amma da wayar ƙarfe da guduma ake tashinta a tsakiyar daji. "Gimbiya ta fi daɗi," in ji shi, "Tsohuwa ta fi amana."

Da 'yan bindiga suka rufe hanyoyin ƙauyukan Sabuwa, direbobi duk suka janye. Kai ne ba ka janye ba, Baba. Kai ne mai shiga ka kwaso masu naƙuda da waɗanda aka harba zuwa asibiti. Baba Gide ya lura mota mai sheƙi ake tarewa, don haka ya kwance Gimbiya da hannunsa, ya ba Tsohuwa tayoyinta da batir da fitilu. Bai ƙara wanke Tsohuwa ba. Tsatsar nan da taɓo su suka riƙa wucewa da shi, don ba wanda ya ga abin ƙwacewa a jikinta.

Kaico! Mu muka cuce shi, kuma da ƙauna. Bara da ya kwanta jinya, Malam Rabo mai unguwa ya tara mu, ya ce, "Haba jama'a, mutumin nan ya gama mana komai, motarsa kamar bola? Mu fitar da shi kunya." Muka sa aka feshe ta da fenti kore, tana walƙiya. Da ya fito ya gani, sai ya dafa bango. Ya ce, "Allah ya saka da alheri." Bai iya ce mana mun yi kuskure ba.

Fitarsa ta farko 'yan bindiga suka tare shi, suka ce motar hukuma ce. Suka karya masa hannun dama, suka cinna mata wuta yana kallo.

Mun gode, Baba Gide, uban marasa hanya. Ka yafe mana. Duk mai mota da sauran zuciya, don Allah ya karɓi hanyar nan, ko da yake har yau ban ga wanda ya motsa ba.

Shekaranjiya wata mai suna Hamida ta iso garejin a ƙafa daga ƙauyensu, cikinta ya tsufa. Ta durƙusa ta ce, "Baba, in lokacin ya yi, wa zan aika ya kira ka?"

Ya dubi abin da ya rage na motocin. Sannan ya ce, "'Yata, kada ki koma gida. Ki zauna nan kusa da asibiti."