Jan Ɗigon da Ya Zama Uku

A filin gasar harbi na garin Luque, Ña Eulogia mai riƙe agogon gasa ta kasa ɗauke ido daga wani dattijo. Ba ta san shi ba, sunansa ma a bayan rigarsa ta gani: Crispín. Kuben bindigarsa ya tsufa har ya yi baƙi, amma sabon gilashi ne a kan ƙaramar bindigar, irin mai nuna jan ɗigo a inda harsashi zai sauka.

Yana tsaye a teburin duba bindigogi, hannunsa ko rawa ba ya yi. To me ya sa yake ta karkata kai, ya rufe wannan ido, ya buɗe wancan?

"Gilashi na biyu ke nan da na mayar wa masu shago suka canja mini," yake ce wa wani abokinsa. "Ɗigo ɗaya suka ce, ni kuwa uku nake gani. 'Yan damfara kawai!"

"Don Crispín, ɗauki ɗigon hoto mana," in ji abokin, yana zuƙar tereré, shayinsu mai sanyi. "Waya ai ba ta ƙarya."

Ya ɗauka. Ɗigo ɗaya ne a hoton, zagaye tsaf. Ya dubi waya, ya dubi gilashi, ya sake duban waya. Wataƙila da idon nan ya ci kofuna tun ba a haifi rabin 'yan filin ba.

Layi ya zo kansa, dole Eulogia ta kira shi. Bai motsa ba. Ya ɗora yatsa a ƙarƙashin idonsa na dama, ya ce a hankali, "To wannan kuma wa zan mayar wa?"