Buhun Abincin Doki a Kujerar Direba

Shekara ashirin na yi ina kanikanci a Kano kafin in zo Greensboro a Amurka, amma da na zo, aikin da na samu shi ne juye mai a wani gareji kan High Point Road. Sai da na shekara huɗu ina wannan wulaƙancin. Wata rana wani tsohon Bature ya ga yadda na gyara masa burki, ya ce in zo gonarsa a Summerfield, yana da motar da ke son hannu.

Motar tsere ce tsohuwa, ta girmi aurena. Kujera ɗaya, tayoyi a waje, doguwa kamar kwalekwale. A bargar dawaki yake ajiye ta. Ya ce wata guda zai gwada ni. In na iya, aikin nawa ne. In ban iya ba, in koma ga baƙin maina.

A mako na biyu ya kawo sababbin sifirin na gaba, ya ce in ɗaura, ya tafi. Kowane sifirin yana nannaɗe da shakazoba, a ƙasansa akwai wani noti mai faɗi da ake murɗawa a matse shi. Da na sauke motar daga jak, na danna hancinta, sai ta lotsa. Mu a gida, motar da ta lotsa mara lafiya ce. Mota za a lafta mata buhunan masara, da fasinja, da akuya a sama, don haka ƙarin ƙarfe muke yi wa sifirin har ta tsaya ɗuwawu sama. Abin da hannuna ya sani ke nan. Na murɗe notin nan biyu tamau, har na hau hancin motar da ƙafa bai motsa ba. Na ji daɗin kaina.

Da tsohon ya zo, ya zagaya da ita sau ɗaya a titin gonar ya dawo. Bai yi faɗa ba, kuma da ma faɗan ya yi. Ya cire hular kwano, ya ce a kwana motar ƙin juyawa take, gabanta na tsalle. Ya tambaye ni nauyin wa na yi wa lissafi. Na ce nauyin mota.

"Mutum ɗaya take ɗauka," in ji shi. "Ni."

Ya jawo sikeli huɗu, muka tura kowace taya kan ɗaya. Ya ce ɗabi'arsa ita ce ya zuba buhunan abincin doki a kujera daidai nauyinsa kafin ya taɓa noti. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ba sai an ɗauko buhu ba, jikinmu ɗaya, in shiga.

Raina ya ɓaci. Mutumin da aka yi wa layi a Kano, yau shi ne buhu. Na ga ƙofar bargar a buɗe, na kuma tuna ramin juye mai. Na cire takalmi na shiga motar.

Yana sassauta notin, zagaye ɗaya nan, zagaye ɗaya can, yana auna tsayin hancin daga ƙasa. Ina zaune na ji motar tana sauka a hankali a ƙarƙashina. A nan na gane. Dole ta ɗan zauna kan sifirinta, don in hanya ta yi kwari taya ta sami sauran wurin miƙewa ta bi ƙasa. Ni na matse har ban bar mata komai ba, tayar sai ta rataya a iska. Shekara ashirin ban taɓa zama cikin motar da nake gyarawa ba. Kullum ina ƙarƙashinta.

Can na ce masa hagu ta fi dama tsayi, ina ji a ƙuguna. Ya leƙa sikelin.

"Fito," ya ce. Ya miƙo mini sifanar, ya dafa kafaɗata ya shiga kujerar da ƙyar. "Rabin zagaye. Kada ka nuna mata ƙarfi."

Na yi rabin. Shekara shida na yi a bargar nan, har gwiwarsa ta hana shi shiga motar ya sayar. Wanda ya saya bai tambayi wanda ke saita ta ba.