Gizagon Bah Klensing

A duk unguwar da ke bayan kasuwar Shillong babu wanda ake kauce wa kamar Bah Klensing Wahlang, kafinta. A wurinmu 'yan ƙabilar Khasi, Bah ake kiran namiji don girmamawa, mace kuwa Kong. Shekara sittin da 'yan kai yana duniya, ba a taɓa jin ya yabi aikin kowa ba sai na ubansa. Gaskiya mutumin ba shi da daɗin zama, kuma ya sani, bai damu ba.

Uban nasa, Bah Horen Nongsiej, shi ya tayar da cocin masu cewa Allah ɗaya ne ba uku ba, bayan babbar girgizar ƙasa ta kwantar da gine-ginen dutse na garin. Ko harsashi bai haƙa ba. Ginshiƙan katako ya ɗora a kan duwatsu, ya saƙa bango da kara ya shafe da farar ƙasa, ya rufa jan kwano, ya bar dogayen tagogi takwas. Babu gicciye a samansa, shi ya sa maƙwabta 'yan manyan coci suke kiran wurin sito. In ƙasa ta motsa, ginin ya ɗan yi rangaji ya koma ya zauna abinsa, nasu kuwa ya tsage.

Da gizago ɗaya Bah Horen ya sassaƙe ginshiƙan nan duka. Da ya mutu Klensing ya ci gaba da riƙonsa. Shekara arba'in duk katakon da damina ta ci a cocin da shi ya musanya, kuma ko ɗansa na cikinsa bai isa ya taɓa ƙotar ba.

Da ginin ya cika shekara saba'in da biyar, dattawan coci suka ce a ajiye gizagon a akwatin gilashi kusa da ƙofa. Sai suka yi abin da kowane ɗan Khasi zai yi. Ɗa na dangin uwarsa ne, kuma abin da namiji ya fito da shi daga gidan uwarsa can yake komawa. Gizagon daga gidan Nongsiej ya fito, Klensing kuwa Wahlang ne. Saboda haka suka wuce ƙofarsa, suka je neman izini wurin Kong Sbun, autar ƙanwar ubansa, mai riƙe da kayan dangi. Matar da ba ta taɓa taka cocin ba!

Ranar Asabar yana gyaran ƙafar benci a cikin cocin sai ga ta, da lema da 'yar jakarta. Ta kwance ƙullin goron nan namu da muke kira kwai ta miƙa masa. Ya dubi hannun ya kau da kai. A wurinmu gara ka zagi mutum da ka ƙi karɓar kwai ɗinsa.

"To, Bah, haka abin ya zama?" in ji ta. "Kayan kawuna na zo karɓa. In an rubuta sunan Nongsiej a jiki sai in ba dattawanku aro."

"Kawunki? Da yana kwance wata huɗu, Kong, wa ke juya shi? Ke kina can kina waƙa a ƙarƙashin gicciyenku."

"Ka yi jinyar ubanka, Allah ya biya ka. Wane Allahn ma, naku guda ɗayan?"

"Shi ɗin, ya ishe mu. Ke ko gaban gizago da bayansa kin sani? Duba can." Ya nuna mata ginshiƙin da ke bayan mumbari, inda sawun sara ya jeru kamar ɓawon kifi. "Na sama hannunsa ne, na ƙasa nawa. Nuna mini naki."

"Ba sai na iya sara ba, tsoho. Namu ne."

"Sai dai ki ɗauka a kan gawata."

Kong Sbun ta jefa kwai a baki, ta tauna a hankali har leɓenta ya yi ja.

"Da ƙanenka ya mutu, wa ya je gidan matarsa ya sauke bakansa da kwarinsa daga bango? 'Yarsa Daphi ta riƙe maka ƙafa tana roƙo. Ka ce mata ita ba Wahlang ba ce, kayan Wahlang gida za su koma. Ina tsaye a wurin, Bah. Har yaba maka aka yi, aka ce ka san al'ada."

Klensing ya tsani matar nan har cikin ƙashinsa, ya ƙara tsanarta don ba ƙarya ta yi ba. Bakan yana can a ɗakin 'yar'uwarsa, gara ta cinye shi, ba wanda ya taɓa harba shi.

Ya goge bakin gizagon da gefen rigarsa ya ajiye a kan benci. Ta ɗauka ta cusa a jaka tare da kabejin da ta sayo.

Hanyarsa ta gida ta cikin kasuwa take, ta gaban rumfar Daphi mai sayar da lemo. Shekara ashirin yana wucewa ba ta gaishe shi, shi kuwa yana cewa rashin tarbiyya ne. Ran nan ya tsaya, ya kira sunanta. Ta ɗago ta dube shi tsaf, sannan ta juya ta tambayi matar da ke bayansa lemo nawa za a zuba mata.