Ƙusar da Jethu Ya Kafa

Jethu maƙeri ne ɗan maƙera, daga cikin ƙabilar Agariya masu narka tama, kuma abu biyu aka san shi da su a ƙauyen: ƙarfe mai kyau da baƙar magana. A bakin hanya akwai turken ƙarfe da kakansa ya kafa, damina na dukansa shekara da shekaru, ko ɗigon tsatsa babu. Masu zuwa Delhi kan ce akwai irinsa can, dogo zanƙalele. Jethu bai taɓa zuwa ba, nasa ya ishe shi kallo.

Narka tama aikin mutum biyu ne. Shi yana tsugune yana duban launin wuta, matarsa Sukmati tana bisa zuga-zugi tana takawa da ƙafa, hagu da dama, baki bai huta ba.

"Tsoho, ƙara gawayi mana, ko gyangyaɗi kake?"

"Ke dai taka. Da bakinki muka haɗa da murhun nan, da tuni tama ta narke."

Haka suka tsufa. Ƙarfen kasuwa ya zo ya kashe sana'ar, 'ya'yansu suka watse birane, Jethu ya bi ƙarfen da zagi: kayan ragwaye, damina biyu ya zama gari. Sai kuma zazzaɓi ya ɗauke Sukmati.

Kai, kaɗaici bai yi ba! Murhu ya yi sanyi, fatar zuga-zugi ta bushe ta tsage. Yakan dama kunu ya zuba kwano biyu, sai ya tuna. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana cewa a yi masa shiru, ga shirun ya samu, ya rasa inda zai sa kansa.

Ƙanensa Mangtu ya zo ya tsaya daga waje. A al'adarsu, in an yi mutuwa akan kafa ƙusa a dokin ƙofa don kada mamaci ya dawo gida.

"Yaya, mutane na magana. Ba ka kafa ƙusa ba. Babu mai shigo maka, ko ruwan gidanka ba za a sha ba."

Jethu yana da ƙusoshi cikin tukunya, na narkar ƙarshe da suka yi shi da Sukmati. Ya ɗauko ɗaya ya jujjuya. Wannan sai gidan ya rushe tana nan daram. Wato ya rufe wa Sukmati ƙofa har abada, da ƙarfen da ta hura da ƙafarta? Ya mayar ya rufe tukunyar.

Ranar kasuwa ya dogara sanda ya tafi. Mai sayar da ƙusa ya gan shi ya bushe da dariya.

"Yau ruwa zai zuba! Baba Jethu a rumfar ragwaye?"

"Rufe min baki, ba ni mafi laushinsu."

Ya kafa ta a gaban dangi, bugu mai ƙarfi. Kowa ya sauke ajiyar zuciya. Mangtu, da yake shi ma ɗan maƙera ne, ya sunkuya ya dubi kanta.

"Yaya, ai wannan..."

"Ƙusa kuka ce. Ga ƙusa."

Mangtu ya miƙe, ya tsallake dokin ƙofar ya shiga gidan.

Yanzu mutane na shiga gidan, suna shan ruwa. Kowace safiya kuma, in Jethu ya gama wanke fuska, sai ya tsiyaye sauran ruwan a kan ƙusar. Har ta fara yin ja da tsatsa.