Mangwaron Hansai a Rabin Duro

A shekarun da na yi ina malamar gona, akwai wata Talata ta watan Yuli da ba na mantawa da ita. Ina mataki na tara a aikin gwamnati a lokacin, ina kula da ƙungiyoyin mata na ƙauyukan yammacin Funtua. Ku da kuka shigo aiki bana, ku saurara, don ranar ce wata tsohuwa ta mayar da ni aji ɗaya.

Matan wani ƙauye a hanyar Dandume ne suka roƙi dashen mangwaro shida. 'Yan bindiga sun ɗauke musu mata da 'yan mata shida a hanyar gona, damina biyu kafin nan. Biyar an samu gawarsu an yi musu sutura, ta shidan kuwa, Hansai, shiru. Suna so kowacce ta samu bishiya da sunanta, mai ci ya ci, mai shan inuwa ya sha, ladan ya je mata.

Ƙa'idarmu ita ce duk dashen da ya fita daga lambun raino, sai ya shiga ƙasa a ranar, ma'aikaci ya cike fom ya sa hannu. Na zaɓo masu aure, wato waɗanda aka haɗa da reshen iri mai kyau don su yi saurin haihuwa. Ni kuwa akwai son layi. Na ja igiya, na sa aka haƙa ramuka shida reras a bakin rijiya.

Aka fara. Kowace uwa ta kira sunan 'yarta, ta dasa, a yi addu'a. Na zaci kuka za a sha, sai ga hira. Aka tuna Rabi da ba ta taɓa dafa wake ya nuna ba, da Ladidi mai rigima da awakin maƙwabta. Ana dariya ana share hawaye da bakin gyale.

Da aka zo rami na shida, Inna Tabawa, mahaifiyar Hansai, ta rungume ledar dashenta ta zauna.

Na ce, "Inna, saura naki."

"Malama, waɗancan sadaka ce ga mamata. Wa ya kawo miki labarin mutuwar tawa?"

Kunya ta rufe ni, amma bakina bai mutu ba. Na ce saiwa za ta naɗe a leda, bishiyar ta mutu kafin rani.

"To me aka koya muku a makarantar? Ki hana ta mutuwa mana. Mai ita za ta zo ta dasa da hannunta."

Matan suka tuntsire da dariya, wata ta ce yau boko ya haɗu da gamonsa. Na naɗe igiyata na koma ofis.

Fom ɗinmu gida biyu gare shi, wanda aka dasa da wanda ya mutu. Shugaban sashenmu, Alhaji mai tabarau a karan hanci, ya duba ya ce, "Hajiya, shida kika fita da su, biyar nake gani. Kin cinye ɗaya a hanya?"

Na ba shi labari. Ya cire tabarau, sannan ya ɗauki rula ya ja gida na uku da kansa. Ya ce, "Rubuta, ana jiran mai shi."

Daga nan aiki ya same ni. Na mayar da dashen cikin tsohon bokiti da na huda gindinsa. Da shekara ta zagayo muka koma rabin duro, na ɗauro shi a bayan mashin tun daga Funtua, mutane suna tambaya ko na fara sayar da kananzir. Nakan rage saiwa, in canza ƙasa, in zuba takin awaki. Inna Tabawa tana tsaye a kaina tana cewa hannuna nauyi gare shi.

Abin da na koya ke nan: mu mun san lokacin dashe, amma ba mu ne ke da lokacin mutane ba. Kafin ku haƙa rami, ku tambayi abin da ramin yake nufi ga mai shi.

Watan jiya na leƙa. Biyar ɗin sun yi inuwa, mata na sussukar masara a ƙarƙashi, suna cewa a matsa gindin Rabi, a ɗauko tabarma a gindin Ladidi. Na cikin duro ya yi furen fari. Har yau ba labarin Hansai, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

Na ce, "Inna, duron nan ya kusa yi masa kaɗan."

Ta ce, "Sai ki nemo babba."

Ramin na shida yana nan. Duk damina ƙasa takan cike shi, Inna Tabawa kuma ta sa a sake haƙawa.