Akuyar Kirsimeti a Ƙofar Dumi

Ƙaurin babbakar akuya ne ya taso mini da maganar nan. Ina cikin aji ina koya wa ɗalibaina wani littafin labari, irin waɗanda aka rubuta bayan tafiyar Turawa, inda jarumin ya dawo daga karatu ya tarar ya zama bare a gidan ubansa, sai iska ta kwaso ƙaurin daga bayan katangar makaranta. Yara suna ta rubuta abin da nake faɗa, ni kuwa tuni na koma Ƙofar Dumi, ina 'yar shekara tara da langa a kaina. Ni ba a littafi na fara sanin baƙunta ba. A gaban agwagi na san ta.

Mu Kiristoci ne daga kudancin Bauchi. Babanmu ma'aikacin jinya ne, aiki ya kawo shi birni, ya kama haya a wani gida cikin lungun da ko babur sai ya yi dabara kafin ya shige. Mai gidan dattijo ne mai wankin hula, muna ce masa Baba Tsoho. Zaurensa kullum ƙanshin sitaci yake yi, ga huluna jere a kan katako suna shan rana. Matarsa, Iya, 'yar gajeruwa ce mai kiwon agwagi, kuma duk lungun babu wanda bakinta ya ƙyale. Ta yi wa mai ruwa faɗa, ta yi wa jikokinta, ta koma kan Baba Tsoho da kansa. Mu kaɗai ne ba ta taɓa ɗaga wa murya ba. Daga sannunku sai madalla. Babanmu ya ɗauka girmamawa ce, har yana yabon ta.

A ƙauye ma ba mu tsira ba. In mun je hutu, 'ya'yan baffanninmu Hausawa suke ce mana, don ko gaisuwa ba ma iya kai ta ƙarshe da yarenmu. A birni kuwa 'yan ƙauye ne mu. Na saba da haka, ban ɗauke shi wani abu ba, tunda ina da ƙawa, jikar Iya, wadda muke ɗibar ruwa tare muna faɗa muna shiryawa.

Da babbar sallah ta zo, kwanuka suka yi ta shigowa ɗakinmu. Nama har sai da Mama ta rasa inda za ta shanya shi. Ta ce wallahi in Kirsimeti ta zo sai ta fita kunyar mutanen nan. Ta kuwa yi. Babanmu ya sayo akuya ya yanka da hannunsa a bayan gida, yadda ubansa ya koya masa. Mama ta shiga Kasuwar Muda Lawal ta sayo sababbin langa, ta dafa shinkafa da miyar da har yau ban ci kamarta ba. Ni na rarraba gida-gida cikin sabuwar rigata. Ko'ina an karɓa hannu biyu, an sa albarka, an ba ni tukwici. Iya ma ta ce, "An gode, Allah ya maimaita mana." Na dawo ina tafiya ina rangwaɗa.

Washegari da safe na zagaya bayan rijiya neman ƙawata, sai na tarar da agwagin Iya sun kewaye shinkafarmu. Na gane ta da koren wake da Mama ta zuba. Naman kuwa yana gefe, maguna suna wasoso. Ƙawata ta fito ta gan ni, ta ce kada in ji haushi, ai ba su cin yankan da ba na Musulmi ba, duk lungun haka aka yi. Ta faɗa ne kamar mai gaya mini yau Talata. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kunyar da ban san inda zan sa ta ba, na ruga na gaya wa Mama.

Mama ta zauna a bakin gado. Babanmu ne ya yi ta faɗa. Ya ce da hannun nan yake wanke musu miki a asibiti, yau kuma abin da hannun ya yanka ya zama abincin agwagi. Ya ce Kirsimeti ɗaya ta rage mana a lungun nan, daga ita za mu koma unguwar da mutanenmu suke. Mutum ne da ba ya magana biyu. Shekarar nan duk na yi ta da fargaba, don ban san wani gida ba sai wannan, ban kuma san wata ƙawa ba.

Ana saura kwana uku Kirsimeti kakarmu ta wajen uba ta iso daga ƙauye, da akuyarta a bayan mota. Tsohuwa ce doguwa mai shan taba gari, Hausarta kuwa a karkace take, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Mama ta ba ta labarin bara tana ƙasa da murya. Kaka ta saurara har ƙarshe, ta tambaya ko akwai wanda ya je ya tambayi mai gida yadda ake yi a nan. Aka ce babu. Ta tofar da tabarta.

Ran jajibere babanmu yana wasa wuƙa a dutse, Kaka ta zo ta miƙa hannu. Ya ba ta, don bai san abin da za ta yi ba. Ta kwance akuya ta ce in riƙe igiya, muka nufi zaure. Babanmu ya biyo mu yana huci, ya ce wa Kaka:

"Mama, yankan hannuna ƙazanta ne?"

"Kai kaɗai za ka cinye akuyar?" in ji Kaka. "In don cikinka ne, yanka. In don mutane ne, ka bar mutane su ci."

Ba ta jira amsarsa ba ta shiga zaure, ta ajiye wuƙa a gaban Baba Tsoho tsakanin huluna, ta ce masa ga akuyar bikinsu, ya yanka musu. Dattijon ya dubi wuƙar, ya dubi babanmu da ke tsaye a bakin ƙofa. Ya ce shekara guda ke nan maganar tana cin sa. Ya so ya faɗa tun bara, amma ya ji nauyin ya dubi magidanci ya ce masa kada ya yanka dabbarsa a gidansa. Ya ce ranar da aka zubar da abincin nan Iya ba ta ci tuwo ba. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya ce wa babanmu, "Malam, zo ka riƙe mini ƙafafun."

Na ɗauka babanmu zai juya ya tafi. Can sai ya cire agogonsa ya ba ni, ya durƙusa ya riƙe.

Washegari na sake ɗaukar langa. Da na kai wa Iya ba ta ce an gode ba. Ta buɗe a gabana, ta ɗauki tsoka ta jefa a baki tana tsaye, ta tauna, ta yamutsa fuska.

"Ki gaya wa uwarki barkono ya yi yawa. So take ta kashe ni? Ke kuma dubi yadda kika karkata langar, miya duk ta zube. Ba ki da hankali ne?"

Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Na koma da gudu na gaya wa Mama, ta yi dariya har da hawaye. Maganar tashi ba a sake yin ta ba. Shekara goma sha huɗu muka ƙara a lungun, Iya tana yi mana faɗa kamar kowa har Allah ya karɓi ranta.

Yanzu gari ya canza. Bayan rigingimun da aka sha, kowa ya ja jiki ya koma cikin nasa, ni ma inda nake zaune duk maƙwabtana coci ɗaya muke zuwa. Mijina yana iya yanka akuyarsa babu mai zubarwa. Amma duk Disamba sai na sa ta a Keke Napep na kai ta Ƙofar Dumi, wani jikan Baba Tsoho ya yanka, mijina yana mita yana riƙe ƙafafu. Ɗalibaina in sun tambaye ni yadda ake gane bare, ce musu nake su duba wanda kowa ke yi wa ladabi. Bara da na aika wa ƙawata langarta, ko awa ba a yi ba ta kira ni a waya. Ta ce naman bai dahu ba.